Yadda Za Ka Rage Maimaita Kalma a Rubutun Turanci

Ɗalibaina masu shirin WAEC a Tudun Wada, Gombe, ciwonsu ɗaya: "very". Na taɓa ƙirga 11 a shafi guda.

Da farko ka gama rubutun tukuna. Sannan ka karanta da ƙarfi, don kunne ya fi ido kama maimaici. Kalmar da ta dawo sau 3 a sakin layi, zagaye ta da jan biro.

Idan suna ne, sa "he", "she" ko "it". "Very big" kuwa, "huge" ta wadatar. Wata kalmar ma a goge ta kawai take so.

Sai dai wajen neman madadin kalma, a bi ƙamus a hankali: "slim" yabo ne, "skinny" kusan gori. Duba jimlar misali kafin ka ɗauka.