Yadda ake kwatanta eriya da resista, koyil da kapasito

A wajen na'urar watsa sigina, eriya kaya ce kawai da aka rataya mata, tana jan wuta tana turjiya. Shi ya sa ake iya ajiye ta gefe, a jera resista (mai turje wa wuta), koyil (naɗaɗɗiyar waya) da kapasito (mai tara caji) a madadinta cikin manhajar gwada da'irar lantarki irin LTspice, a gwada da'irar tun kafin a yanke waya.

Ɗauki eriya mai hannu biyu ta rabin zango, wato rabin tsawon igiyar siginar, ta 100 MHz. Ana samun tsawonta a mita idan aka raba 143 da firikwansin a MHz, wato mita 1.43. Ƙarfin da take watsawa cikin iska, resista mai turjiyar kusan om 73 ce ke wakiltarsa, muddin eriyar tana nesa da ƙasa da ƙarafa. In wayar siririya ce ko mahaɗarta ta yi tsatsa, ƙara wata ƙaramar resista a jere domin wutar da ke salwanta ta zama zafi.

Koyil da kapasito kuwa sai da awo. Haɗa NanoVNA, ƙaramar na'urar auna eriya, ka nemo firikwansin da riyaktans, wato turjiya irin ta koyil da kapasito, ya zama sifili, sannan wurare biyu, sama da ƙasa, inda girmansa ya kai na turjiyar. A ce 95 da 105 MHz ne. Tazarar 10 ke nan, Q kuma, ma'aunin ƙuncin wannan tazara, 100 a raba da 10, wato 10. Daga nan, da R a matsayin turjiyar, f kuma firikwansin, girman koyil L = QR/(2πf), kusan 1.16 µH, sai na kapasito C = 1/((2πf)²L), kusan 2.2 pF. Da wayar koaks mai om 50, wadda ke kai sigina ga eriya, SWR, ma'aunin rashin dacewar eriya da wayar, zai tsaya wajen 1.46, kuma wannan ba laifi.

Awon ne ya fi yaudarar mutane. A daidaita NanoVNA a ƙarshen wayar da za ta shiga eriya, ba a bakin na'urar ba, in ba haka ba wayar ake aunawa tare da eriyar. Rashin balun, ɗan abin da ake sawa tsakanin koaks da eriya, ma yana sa wuta ta bi bayan koaks, lambobin su riƙa sauyawa da zarar hannu ya taɓa wayar.

Kada a ja wannan kwatanci nesa da 100 MHz. Wajen 200 MHz turjiyar tana haurawa dubban om, nan sai an haɗa kayan uku kafaɗa da kafaɗa. Duk wayar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na zangon, santimita 30 a misalinmu, a saka ta cikin manhajar a matsayin layin isar da sigina mai om 50, tare da jinkirinta.