Ruɓewar saiwa ana dab da ɗiba: kurakuran da muke yi da hannunmu

Babu abin da ya kai wannan ciwo ga mai shuka tumatir ko tattasai a bokiti ko buhu, ka yi wata uku kana hidima, 'ya'ya sun cika sun fara canza kala, saura sati biyu ko uku ka fara ɗiba, sai wata rana da azahar ka fito ka tarar shukar ta yi yaushi ta sunkuyar da kai kamar ta kwana biyu ba ta sha ruwa ba, alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Da yamma ta ɗan farfaɗo, washegari ta sake kwanciya. Ya faru da ni, kuma abin da na gano daga baya shi ne cutar ba ita kaɗai ta kashe min shukokin ba, yawancin ɓarnar ni na yi ta da hannuna garin ceto, garin neman gira na rasa ido.

Kuskure na farko kuma wanda kusan kowa ke faɗawa ciki shi ne ƙara ruwa. Ido ya ga yaushi, hannu ya ɗauki bokiti. To amma shukar ba ruwa ta rasa ba, saiwar da za ta ja ruwan ce ta mutu. Saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi, in ƙasa ta cika da ruwa iska ta fita, sai saiwar ta shaƙe ta fara mutuwa daga bakinta, a nan ne ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Phytophthora suke samun ƙofa, su kuma waɗannan 'ya'yansu iyo suke yi a cikin ruwa daga saiwa zuwa saiwa, kaga kenan duk kofin ruwan da ka ƙara hanya ka buɗe musu. Gyaran shi ne ka tsaya ka duba kafin ka zuba komai. Cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, ko ka ɗaga bokitin ka ji nauyinsa, in da danshi ka bar shi. In akwai faranti a ƙarƙashi da ruwa ya kwanta ciki ka zubar, ka ɗora bokitin kan bulo ko katako, ka ƙara huda ramuka a gindi da gefe-gefe ta ƙasa.

Kuma don Allah ka duba saiwar da idonka kafin ka yanke hukunci, mutane da yawa ganye kawai suke kallo. Tona gefe ɗaya a hankali da cokali. Lafiyayyar saiwa fara ce tas ko ruwan madara, tana da ƙarfi, ƙamshin ƙasa take yi. Ruɓaɓɓiya kuwa ta koma ruwan ƙasa ko baƙa, tana yauƙi, tana warin kwata. Ni ranar da na tona tawa na kama saiwa ɗaya da yatsu biyu na ja, sai bawonta ya saɓule kamar an cire safa ya bar wani siririn zare a tsakiya, wallahi jikina sai da ya yi sanyi, don daga nan na san ba maganar ƙishirwa ba ce. In ka ga wannan zaren to ruɓewa ce ba tantama. In kuma saiwar fara ce lafiya lau amma shukar na yaushi, nemi matsalar a wani waje, tsaga kara ɗaya ka duba cikinsa, in ya yi duhu-duhu a tsakiya cutar yaushi ce irin ta Fusarium ko ta bakteriya, wannan wani labari ne daban.

Kuskure na biyu shi ne ƙara taki. Ganyen ƙasa ya yi rawaya sai mutum ya ce ai yunwa ce, ya narka takin zamani ya zuba. Saiwar da ta ji ciwo ba ta iya ɗaukar takin, sai gishirinsa ya taru a ƙasa ya ƙone 'yan saiwoyin da suka rage, kamar ka zuba gishiri a kan gyambo ne. Haka in ka ga gindin ɗan tumatir ya fara baƙi ya lotsa, rashin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan, eh, amma sau da yawa kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, saiwar da za ta kai shi sama ce babu. A wannan lokacin rage takin ko ka tsayar da shi gaba ɗaya, 'ya'yan da suka riga suka cika ba sa buƙatar wani abin kirki kafin su nuna.

Sai masu tuge shuka su canza mata bokiti. Wannan dabara ce mai kyau ga ƙaramar shuka wadda ba ta yi fure ba, a wanke saiwar a yanke ruɓaɓɓen a sa sabuwar ƙasa, tana da lokacin da za ta fitar da sabuwar saiwa. Amma shukar da ke ɗauke da kaya saura sati biyu, in ka tuge ta ka gama da ita, don ƙarfinta duk yana kan 'ya'ya. A nan nake so mutane su fahimci abu ɗaya, dab da ɗiba ba warkar da shukar kake yi ba, kwanaki kake nema mata, kwana goma ko sha biyar da za su isa 'ya'yan su kai. Da zarar ka yarda da haka hankalinka zai kwanta, za ka daina neman maganin da zai dawo da ita yadda take, ka koma rage mata nauyi. Yi mata inuwa daga sha biyu zuwa la'asar don ganyen ya rage zubar da ruwa, tsinke furanni da ƙananan 'ya'yan da ba za su kai ko'ina ba, cire ganyen da ya mutu. Amma kada ka aske ta tas, ganyen ne ke ciyar da 'ya'yan kuma shi ke kare su daga ƙunar rana.

Zafin bokiti ma abu ne da ake mantawa da shi. Baƙar roba a cikin rana tana ɗaukar zafi sosai, taɓa gefenta da azahar ka ji, saiwar da ke manne da jikin robar dahuwa take yi. Naɗe bokitin da farin buhu ko kwali ya isa.

Masu noma a cikin ruwa ba ƙasa, wato haidrofonik, nasu ya fi sauri don duk shukokin tanki ɗaya suke sha. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, a digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin a lita, in ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7.5, ga shi a lokacin ne saiwar ta fi buƙatar iskar kuma cutar ta fi yaɗuwa. Ka yi ƙoƙari ruwan ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 22, ka daskarar da ruwa a gora ka jefa cikin tankin in ba ka da na'urar sanyaya ruwa, ka ƙara famfon iska, ka rufe tankin haske ya daina shiga saboda gansakuka. Shukar da ta fi lalacewa cire ta daga layin tun yau, kada tausayi ya sa ka rasa sauran. Wani kuskuren da na sha gani a nan shi ne haɗa haidrojin feroksaid, wato ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, da magungunan ƙwayoyin halitta masu amfani irin su Bacillus ko Trichoderma a lokaci guda. Feroksaid ɗin bai san na kirki da mugu ba, duka yake kashewa, ka yi asarar kuɗinka kenan. Zaɓi hanya ɗaya. Kuma su ƙwayoyin nan masu amfani, rigakafi ne tun shuka na ƙarama, ba sa tayar da saiwar da ta riga ta mutu.

Maganar feshi kuwa ita ce ta fi damuna, don wannan ta wuce asarar shuka ta shiga lafiyar mutane. Mutum ya rikice ya ɗauko duk maganin fangas, wato cututtuka dangin fumfuna, da ya samu ya kwarara a gindin shuka, gobe ya tsinki 'ya'yan ya kai wa iyalinsa ko ya sayar. Na ɗaya dai Pythium ba fangas ba ce ta asali duk da kamar da suke yi, shi ya sa yawancin magungunan fangas ba sa taɓa ta, sai irin masu sinadarin metalaksil a ciki. Na biyu kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira tsakanin feshi da ɗiba, in kwanakin sun fi waɗanda suka rage maka to ajiye shi, kuma in ba a rubuta sunan amfanin gonarka a takardar ba kada ka yi gwaji da cikin mutane.

Akwai kuma masu jira har sai shukar ta mutu a tsaye wai sai 'ya'yan sun nuna a jikin uwa. In da safe ma ba ta farfaɗowa to ta gama aikinta, ɗebe kayanka. Tumatir in ya fara ja ko da a gindi ne zai ƙarasa nuna a cikin ɗaki, shimfiɗa shi a inuwa kada ka sa a firji, in kana so ya yi sauri haɗa shi da wanda ya nuna a kwali ɗaya. Tattasai shi bai cika nuna bayan tsinka ba sai in ya riga ya fara juyawa, amma korensa ma ai abin amfani ne.

Bayan ɗiba kada ka mayar da wannan ƙasar cikin bokiti, cutar tana daɗewa a cikinta tana jiran shuka ta gaba, kuma kada ka zuba ruɓaɓɓiyar saiwar cikin takin da kake tarawa. Wanke bokitai da almakashi da tiyo da bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, ka ɗauraye sosai. In kana ganin wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga saman ƙasar duk lokacin da ka taɓa bokitin, alama ce danshi ya yi yawa, tsutsarsu na cin saiwa kuma suna ɗaukar cutar daga wannan bokiti zuwa wancan, barin saman ƙasar ya bushe tsakanin ban ruwa yana rage su sosai. Sannan tsakuwar nan da ake jerawa a gindin bokiti wai don ruwa ya wuce, na daina, ba ta hana ƙasar da ke samanta riƙe ruwa, wajen saiwa kawai take ragewa. Yanzu ƙasar nake sassautawa da abin da iska za ta ratsa, in huda ramuka da yawa, kuma ban ƙara ba wa shuka ruwa don kawai lokaci ya yi ba sai na ɗaga bokitin na ji ya yi sauƙi.