Yadda Ake Tattara Tarihin Matan Gida Ɗaya a Ƙasar Sin

A fara da kaka. Kada a tambaye ta shekarar haihuwarta kai tsaye, a tambayi dabbar shekararta, domin a kalandar gargajiyar Sin kowace shekara tana da sunan wata dabba. Dabbobin 12 ne, kowace tana dawowa bayan shekara 12, daga nan sai a lissafa. Tsofaffi kan ba jariri shekara ɗaya tun ranar haihuwa, su ƙara masa ɗaya duk sabuwar shekara, don haka a rage ɗaya ko biyu daga shekarun da ta faɗa.

Littafin zuriya ba ya wadatarwa, domin tsofaffin littattafan galibi sunan dangin mace kawai suke rubutawa.

A jingina kowane labari da abin da kowa ya sani: dokar aure ta 1950 da ta hana auren dole, yunwar 1959 zuwa 1961, Juyin Al'adu (gangamin siyasa na jagoran Sin, Mao Zedong) na 1966 zuwa 1976, da dokar haihuwar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015.

Zancen yunwa ne ya fi wuya. Wadda ta rasa ɗa a lokacin takan yi shiru idan aka tunkare ta gaba-gaɗi. Gara a tambayi abin da ake dafawa a ɗakin girkin gama-gari na ƙauyensu, inda ake ciyar da mutanen ƙauye tare a wancan lokacin, sannan a saurara.

Uwa da 'ya a zauna da su daban-daban, kowane zama kada ya wuce awa ɗaya.