Kurakuran da ake yi wajen bambanta tsofaffin cocin Angilikan da na Firesbiteriyan a Amurka

Masu ziyartar majami'un da aka gina lokacin da Ingila ke mulkin Amurka sukan yanke hukunci tun daga waje: in akwai hasumiya da tubali ja, sai su ce Angilikan, in ginin ba ado, Firesbiteriyan (dukansu ɗarikun Kirista ne). Wani lokaci a dace, kamar cocin Christ da ke Filadelfiya mai hasumiyar da aka gina a 1754. Amma cocin Angilikan da yawa a karkarar Bajiniya ba su da hasumiya ko kaɗan. Ko a gida, cocin Angilikan na Wusasa ginin ƙasa ne irin na Hausa. Gyaran dai shi ne ka shiga ciki.

A ciki ma akwai tarko. Da an ga dogon mumbari sai a ce ai na Firesbiteriyan ne, tunda su ne mutanen wa'azi. Angilikan na ƙarni na 18 su ma suna da shi, har mai hawa uku, kamar a wani cocin Christ na gundumar Lankasta ta Bajiniya da aka kammala a 1735. Abin dubawa teburin Jibin Ubangiji ne, wato ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu. Wajen Angilikan yana zaune dindindin a bangon gabas, an kewaye shi da ɗan shingen katako, sau da yawa da allunan Dokoki Goma a samansa. Firesbiteriyan kuwa mumbari suka bai wa tsakiya, galibi a jikin dogon bango domin kowa ya ji mai wa'azi. Jibin sai lokaci-lokaci ake yi, a shimfiɗa dogayen tebura, jama'a su zauna, an gama a kwashe.

Kada kuma a ɗauka talauci kawai ya hana Firesbiteriyan ado. Akida ce, sannan a Bajiniya Angilikan ce cocin hukuma da harajin kowa ke ɗauke da ita, sauran kuwa sai da lasisi suke buɗe ɗakin taro.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne ɗaukar abin da aka gani yau a matsayin asali. Gilashi mai launi yawanci ƙarin ƙarni na 19 ne. A da duka ɓangarorin farin gilashi suke sa wa tagogi. Cocin Old Pine na Firesbiteriyan da ke Filadelfiya an gina shi a 1768, amma ginshiƙan gabansa irin na Girka daga baya aka ƙara su. Ka tambayi mai kula da wurin shekarar kowane gyara.