Ku fara da baki, biro ya biyo baya

Salamu alaikum ƴan uwa. Ga dabarar rubuta labari ga masu irin lalurata, disleksiya, wadda ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum. Tun ina lakwal nan Damagaram nake shan bulala kan b da d, ana ce mini daƙiƙi, alhali abin bai taɓa basira ba. Sai da na haura shekara 50 na soma rubuta gajerun labarai.

Don Allah kada ku fara da biro. Bayan isha'i nakan zauna a zaure, in ɗauki muryata a salula ina ba da labarin kamar tatsuniya, minti 5 kacal. Da safe in saurara, in tsayar bayan kowace jimla, in rubuta ta baro-baro, ina tsallake layi. Kuskure kuwa nan nake barinsa, don in na tsaya gyara sai zaren labarin ya kuɓuce mini.

Daga baya ɗiyata ke karanta mini da ƙarfi. Kunnena ke kama inda zance ya karkace, ita kuma ta sa wa ɓ, ɗ da ƙ lanƙwasarsu. Labarina na farko, kan wani baduku a Birni, shafi 4 ne, ya ci mini wata 3.