Darasi na 7: Ba Kowane Taɓin Hankali Ne Hauka Ba

A ƙauyukanmu da zarar mutum ya canza sai ka ji an ce ya haukace ko an yi masa jifa, daga nan sai hayaƙi da rubutu, wani ma a sa shi a mari. To amma fa ciwon ƙwaƙwalwa kashi-kashi ne kamar zazzaɓi, akwai na sauro akwai taifot, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Mu fara da ciwon damuwa, don shi ne muka fi rainawa. Ga mace nan da an santa da fara'a, yanzu ta daina shiga biki, tuwo ya huce a gabanta ba ta taɓa ba, ta farka tun kafin kiran assalatu tana hawaye, har tana cewa gara ta mutu ta huta. In haka ya kai sati 2 kusan kullum to ciwo ne, ba rashin tawakkali ba, kuma yana yawan kama mai jego. Wannan magana ta mutuwa don Allah kar a ɗauke ta wasa.

Wani kuma akasin haka ne, ba bacci, surutu ba tsayawa, ya kwashe hatsin rumbu ya rabar, bayan wani lokaci ya dawo ya yi lakwas. Daban yake da mai jin muryoyi ba kowa a wurin, yana zargin iyalinsa sun sa masa guba, wannan likitoci na ce masa sikizofireniya.

Wanda jikinsa ya yi zafi rau ya fara sambatu a kwana ɗaya, asibiti za a yi da shi a take, sau da yawa zazzaɓin ne ya taɓa kai. Farfaɗiya ma ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu.

Likita ba ya raɗa wa ciwo suna da ka, akwai kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Shi ya sa in kun je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure za a yi ta tambaya: yaushe ya fara, yana bacci, yana shan wiwi ko taramol? A je da wanda suke kwana gida ɗaya, shi zai iya amsawa.

Aikin gida: rubuta alamomi 3 na ciwon damuwa a littafinka, ka karanta wa na kusa da kai.