Yadda za ka gina rumbu a kwamfuta ka sa shi motsi kafin ranar sutanansi

Wani ƙanena da ke karatu a nan Maradi ya same ni a fada bayan isha'i, ana zuba shayi na biyu, ya ce malaminsu ya ba su wata biyu kafin sutanansi, wato ranar gabatar da aiki gaban malamai, su kawo zanen 3D mai motsi, wato zanen da ke da tsawo da faɗi da kauri, wanda ake iya juyawa a ga bayansa. Na ce me zai zana? Ya ce babbar kasuwa, da rumfunanta, da ƴan kabu-kabu suna giftawa. Ko ya taɓa buɗe manhajar? A'a, amma ya ga bidiyo. Sai na ce: "Ƙanena, ajiye kasuwa, ɗauki rumbu." Abin da na bi da shi a kai cikin watannin nan biyu, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Rumbun laka na zaɓa da gangan. Jikinsa zagaye ne, yana da hular ciyawa da duwatsun da yake zaune a kai, sassa uku ke nan. Kana iya zuwa ka taɓa shi, ka auna shi. Kuma malamin da zai duba aikin ya san rumbu tun yana yaro, in ka yi shi daidai zai gane nan take. In naka aikin kujera ce, ko tulu, ko ɗakin shago guda, hanyar ɗaya ce.

Kayan aiki

Manhajar da za ka sauke sunanta Blender. Kyauta ce, ba irin kyautar wata guda a ce ka biya ba. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro ta, kuma a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka fanso ta ta zama ta kowa. Je shafinsu na blender.org, kada ka karɓa a wani wuri. Akwai nau'in da ba sai an girka ba, a kile kawai yake zama, don haka mutum ɗaya mai intanet mai ƙarfi yana iya saukewa ya raba wa aji duka.

Sababbin fitowa suna son ƙwaƙwalwar aiki ta akalla giga 8 da katin hoto na zamani. In kwamfutarka ta kwana biyu, sabuwar ta ƙi buɗewa, nemi 3.6 ko 2.93 a rumbun tsofaffin fitowa na shafin. Duk abin da ke cikin wannan rubutu suna yi. Abu guda: fitowar da ka fara da ita, ƙare da ita. Sauya manhaja a tsakiyar aiki kamar sauya magini ne bayan an kai linta.

Sayi linzamin kwamfuta mai taya a tsakiya, wanda muke kira suri. Wannan ba na sasantawa a kansa. Da danna tayar ake juya abin da kake gani, da murza ta ake matsowa ko ja da baya. Ƴar faifan yatsa ta lafto za ta gajiyar da kai kafin azahar. Manhajar tana da Faransanci, amma ni shawarata ka bar sunayen maɓallan a Ingilishi, ka fassara ƴan bayanan da ke fitowa in ka ɗora linzami kawai, domin yawancin darussan YouTube da sunayen Ingilishi suke koyarwa.

Makon farko: hannu ya saba

Da ka buɗe za ka tarar da akwati guda, da kyamara, da fitila. Kada ka fara rumbu tukuna. Yi wasa da akwatin nan: G ya matsar da shi, R ya juya shi, S ya ƙara masa girma ko ya rage. In ka biyo kowanne da X ko Y ko Z, motsin zai tsaya kan layi guda, kuma Z shi ne sama da ƙasa. Tab yana shigar da kai cikin jikin abu, inda za ka ga ɗigo-ɗigo da layuka da fuskoki. E yana jawo sabon sashe daga wanda ka zaɓa. Ctrl da R suna yanka ɗamara a jikinsa. Shift da A suna kawo sabon abu. Ctrl da Z suna mayar da kuskure, Ctrl da S suna adanawa. Wannan na ƙarshen, mayar da shi kamar numfashi.

Yawancin laftocinmu ba su da jerin lambobin gefen dama, wasu kuma allon rubutunsu na Faransanci ne, lambobin sama su ƙi amsawa. Ba matsala. A kusurwar sama ta dama akwai ƴan ƙwallaye ja da kore da shuɗi, danna su za ka ga abu ta gaba, ta gefe ko ta sama.

Gina tebur, gina kofin shayi, share, sake ginawa. Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi.

Fita ka auno

Nan ne ɗalibai ke ƙyuya, nan ne kuma aikin ke samun daraja. Mun hau babur muka fita wani ƙauye kan hanyar Tsibiri da igiyar awo da littafi. Mai gidan, dattijo ne, ya tsaya yana kallon ƙanena yana zagaye rumbu da igiya, can ya ce: "Ɗana, saye za ka yi ko haraji aka ƙara?" Ƙanena ya durƙusa ya ce: "A'a Baba, na lakkal ne." Ya yi dariya, ya sa aka ɗaga mana hular muka leƙa ciki, ya nuna mana kaurin bakin da tafin hannunsa. Wannan kaurin ba za ka same shi a intanet ba.

Rubuta tsawo, faɗin gindi, faɗin ciki inda ya fi kumbura, faɗin baki, da tsawon duwatsun. Ɗauki hoto ta gefe daga nesa, wayar tana daidai tsakiyar rumbun, don kada ya karkace. Sannan matso ka ɗauki jikin lakar ita kaɗai, a inuwa, ba inda rana ta haska rabi ba.

Ginin kansa

Jawo hoton gefen nan ka jefa cikin Blender kana kallon gaba, ka daidaita girmansa da awonka. Manhajar da mita take awo, akwatin farkon nan ma mita 2 ne kowane gefe, kuma maɓallin N yana buɗe ɗan allon da ke nuna girman abin da ka zaɓa.

Yanzu dabarar. Ba za ka gina rumbu duka ba, rabin layin gefensa kawai za ka zana, manhajar ta zagaya da shi kamar yadda mai ginin tukwane ke juya tukunya. Shiga cikin akwatin da Tab, danna A ka zaɓi komai, danna M ka haɗe ɗigon duka a tsakiya su zama guda. Daga wannan ɗigo, yi ta danna E kana bin gefen rumbun a hoto, daga tsakiyar gindi, zuwa kumburin ciki, zuwa baki. Ɗigo goma sha biyu sun isa. Sai ka je gefen dama inda alamar sifana take, ka ƙara abin da aka rubuta wa Screw. Nan take layin zai zama rumbu. In ya fito kamar ƙaho ko kwakwaro, kusan kullum cibiyar ce ta kauce, wato ɗan ɗigon lemo ɗin nan da ya kamata ya zauna daidai tsakiyar gindi. Ƙara yawan matakan zagayen daga 16 zuwa 32, sannan ka ɗora Solidify ka ba bangon kaurin da Baba ya nuna.

Hular kuwa mazurari ce a kife, tana cikin jerin Shift da A. Dutse guda za ka yi, ka ɓata masa siffa, ka kwafa da Shift da D, kana juya kowanne don kada su zama tagwaye. Daga nan sai ka fita daga jikin rumbun da Tab, ka tabbatar da Screw da Solidify da Apply, domin kafin haka layi guda ne kawai a cikinsa, sannan ka ɓata shi kaɗan da hannu: ka ɗan karkata wuyan, ka ɗan lotsa gefe guda. Abin da hannu ya gina ba ya fita santal, kuma ido ya san haka ko mai idon bai faɗa ba.

Duk abin da ka ƙara wa girma da S, danna Ctrl da A ka tabbatar da girman. Rashin yin wannan ne ke sa kauri ya fito wani gefe siriri wani gefe ƙato.

Launi ba ya son dogon bayani. Laka ba ta sheƙi, don haka kai ma'aunin kaushi kusa da ƙarshe. Cikin jikin rumbun danna U ka bar manhajar ta feɗe shi kamar fata, ka shimfiɗa hoton lakar da ka ɗauko a kai. Fitila guda irin ta rana ta isa, a karkace kamar hantsi ko la'asar, domin hasken tsakar rana yana kashe siffa. Sai ka tafi File, External Data, ka cusa hotunan cikin fayil ɗin, in ba haka ba ranar da ka buɗe a wata kwamfutar za ka tarar da rumbu ruwan hoda shar.

Motsi

Bidiyo jerin hotuna ne, 24 a kowace daƙiƙa. Ba kai za ka zana kowanne ba. Turke kake kafawa: ka ce a hoto na 1 abu yana nan, a hoto na 240 yana can, manhajar ta cike tsakani. Maɓallin kafa turke shi ne I.

Don kyamara ta zagaya rumbu, kawo wani abu marar jiki mai suna Empty ka ajiye a tsakiya, zaɓi kyamara, riƙe Shift ka zaɓi shi, danna Ctrl da P ka ɗaure ta a jikinsa. A hoto na 1 ɗora linzami kan gurbin juyin Z ka danna I. Je hoto na 240, rubuta 360, sake danna I. Zagaye guda cikin daƙiƙa 10 ke nan. Sannan daga 241 zuwa 300 ɗaga hular sama a hankali, kyamara ta leƙa ciki. Manhajar a 250 take tsayawa in ba ka ƙara mata ba, kai ƙarshen 480. Daƙiƙa 20 masu tsabta sun fi minti biyu na dabur-dabur, kuma dalilin yana tafe.

Wankin hoto, inda ake kuka

Fitar da hotunan ƙarshe ni wanki nake ce masa, kamar na masu hoton da. Danna F12, hoto guda zai fito, dubi lokacin da ya ci, ka ninka sau 480. In minti ɗaya ne, awa 8 ke nan. In minti uku ne, kwana guda cur. Yi wannan lissafin tun mako na biyar, ba daren jajibiri ba.

Injin wanki biyu ne. Cycles yana bin haske dalla-dalla, ya fi kyau, ya fi cin lokaci. Eevee yana da sauri nesa ba kusa ba, kuma kada wani ya raina maka shi: fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta zane mai motsi a 2025 da Blender aka yi shi, da Eevee aka wanke. In ka nace sai Cycles, rage yawan samfurin haske, wato Samples, daga 4096 zuwa 128, ka kunna mai goge dusa-dusa, wato Denoise. Girman 1280 da 720 ya ishi majigin aji.

Kada ka taɓa wankewa kai tsaye zuwa bidiyo. Ni na yi, shekarun baya, na kwana ina gadin lafto, saura hotuna kaɗan kuran ya ɗauke, batir ya mutu, da safe fayil ya ƙi buɗewa. Zaɓi PNG, wato hotuna ɗaya-ɗaya, ka ba shi dosiyensa, ka cire alamar da ke kan Overwrite. In wuta ta tafi a hoto na 300, idan ta dawo share na ƙarshen don wataƙila bai cika ba, danna Ctrl da F12, zai tsallake waɗanda ya gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Da wannan dabarar kana iya raba aikin: abokinka ya wanke 1 zuwa 240, kai ka wanke sauran.

Zafin Afrilu da Mayu ma abokin gaba ne. Laftop kan katifa tana wanki, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, ba za ta daɗe ba ta rage gudu ko ta mutu. Ƙanena gwangwanayen madara huɗu ya jera ya ɗora ta a kai, iska na ratsawa ta ƙasa, ya juyo mata fankar ɗaki, kuma da dare yake wanki. Ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iskar, a sa mai gyara ya hure ta tun kafin a fara.

Da hotunan sun cika, buɗe sashen haɗa bidiyo na cikin Blender, shigo da su a jere, ƙara sunanka da taken aiki a farko, ka fitar da MP4. Wannan ƴan mintuna ne kawai.

Ranar sutanansi tafi da bidiyon a kile biyu da kuma wayarka, haɗe da fayil ɗin Blender, da hotunan ƙauye, da shafin littafin da ka rubuta awo. Malamai sukan ce a buɗe a nuna musu ɗigo da layukan ginin don su tabbatar ba saukowa aka yi ba. In da hali, shiga ɗakin tun jajibiri ka gwada majigin, domin yakan wanke launi, lakar da ka sha wahala a kanta ta koma fari-fari. In ka ga haka, ka ɗan ƙara mata duhu a sashen haɗa bidiyo ka sake fitarwa a daren.